Idan mai raina ka ya faɗi gaskiya

Akwai wani hali da muke yi a asibitocin Legas. Likita zai tambaya, "Me aka ba yaron nan a gida?" Sai mu ce ba komai. Alhali ya sha jiƙon sabara, ko wanzami ya cire masa beli shekaranjiya. Mun san dalili. Waye a cikinmu ba a taɓa jefa masa "aboki" da wata irin murya a layin kati ba? Matanmu kuwa tsawa suke sha don ba sa jin Turanci ko Yarbanci. Wanda aka raina ba ya buɗe cikinsa.

Rainin nan ba shi da hujja. Maganin sikila da ake kira Niprisan, wanda cibiyar NIPRD ta Abuja ta sarrafa, daga hannun mai maganin gargajiya aka karɓo shi. A cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, kayan da muka tashi muka gani a ɗakin iyayenmu. Ɗari-ɗarin da muke yi ma ba daga sama ya faɗo ba: a 1996, lokacin sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, 11 suka rasu.

To amma ga inda gizo ke saƙa. In wanda ya raina ka ya faɗi gaskiya, za ka ƙi ta don bakin da ta fito? Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a matanmu, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da gadon wuta. Kakanninmu da ƙauna suka yi, babu shakka, amma ƙaunar ba ta hana kanwa tara ruwa a jiki ba. In mun ɓoye, likita zai rubuta magani a makance, kuma ba nas ɗin da ta yi tsawa ce ke kwance ba, 'yarmu ce.

Muna ganin lokaci ya yi da fadar Sarkin Hausawan Agege za ta nemi a sa tafinta a asibitocin da muke zuwa. Kafin nan, duk mai kai mara lafiya ya tafi da mai jin Turanci, ya ƙulle ragowar jiƙon a leda ya ajiye wa likita a kan tebur.