Sabo Ake Yi Wa Kuka: Nasiha Ga Mai Kiwon Dabba A Gida

 

Ɗana, matso kusa ka ba ni aron hankalinka. Ina so mu tattauna a kan wani al'amari da mutanenmu suka mayar abin dariya, alhali yana cin ran mutane da yawa a ɓoye. Maganar dabbar da aka saba da ita a gida ce, da halin da zuciya take shiga ranar da aka wayi gari babu ita.

Da wuya ka shiga gidan Bahaushe ka tarar ba a kiwon komai. Ga tsohuwa da kyanwarta, ga mafarauci da karensa, ga mai doki da ba ya karyawa sai ya leƙa barga, ga uwar gida da akuyar da aka ba ta tun tana amarya. Dubi yaro mai kiwon tantabaru. Yana idar da sallar asuba zai nufi ɗakinsu, ya watsa musu dawa, ya sauya musu ruwa, ya duba wadda take kwanci. Ya san kowace da launinta da halinta. Idan ya yi fito sai ka ga sun sauko daga kan katanga, wata ma a kafaɗarsa za ta sauka. Kuɗin tararsa na makaranta yake tarawa ya saya musu tsaba. To, ranar da muzuru ya yi masa ɓarna cikin dare, ya buɗe ƙofa ya tarar da gashi a warwatse, me yake ji daga bakin manya? Wannan ya ce, "Kai, don tsuntsu kake kuka?" Wancan ya ce, "Sai ka ce mutum ne ya mutu!" Sai yaron ya haɗiye kukansa, ya koma bayan ɗaki shi kaɗai. Abin da ya koya a ranar shi ne tausayi abin kunya ne, kuma wannan mugun darasi ne a gidan Musulmi.

Ka san Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara 10 a Madina. Yana da ƙane ƙarami da suke uwa ɗaya, ana yi masa alkunya da Abu Umair. Yaron yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu. Annabi ya shigo gidan, ya ga yaron jugum, ya tambayi abin da ya same shi, aka faɗa masa. Mutumin da nauyin al'umma gaba ɗaya yake wuyansa bai ga abin ya yi ƙanƙanta da ya tsaya a kansa ba. Ya kira yaron da alkunyarsa kamar yadda ake kiran babba, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Buhari da Muslim duk sun kawo asalin wannan hadisi, har wani malamin Shafi'iyya mai suna Ibnul Ƙas ya fitar da fa'idodi kusan 60 daga cikinsa. Ni fa'ida ɗaya nake so ka riƙe: baƙin cikin mai dabba baƙin ciki ne na gaske, kuma mafificin halitta ya ba shi haƙƙinsa.

Za ka ji wasu suna cewa shaƙuwa da dabba ɗabi'ar Turawa ce da ta shigo mana ta talabijin. Ba haka ba ne. Sahabi Abu Huraira, wanda ya fi kowa ruwaito hadisi, laƙabinsa ya samo asali ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka yana wasa da ita. A tsibirin Kubrus masu tonon kayan tarihi sun gano kabarin da ya kai kimanin shekara 9,500, an binne mutum da kyanwa a kusa da shi. Masanin tarihin Girka, Herodotus, ya ba da labarin cewa mutanen Misira na dā sukan aske girarsu idan kyanwar gida ta mutu. Kai, je ka ruga ka ga Bafulatani yana kiran saniyarsa da sunanta, ta ɗago kai ta taho daga tsakiyar garke. Allah ne ya dasa wannan a zukatan bayinsa. A Suratul An'am, aya ta 38, ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Hausawa kuwa sun taƙaita zancen da suka ce sabo ake yi wa kuka.

Nasihata ta farko, ɗana: ranar da ka karɓi dabba, ka sani ka karɓi ranar rabuwa da ita. Allah bai ba yawancinsu tsawon rai irin namu ba. Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13. Kyanwar da ta samu kulawa takan kai 12 zuwa 15, wani lokaci ta wuce. Doki yakan yi 25 zuwa 30. Aku ne yakan daɗe, har ya haura shekara 40. Ke nan ɗan kwikwiyon da aka kawo wa ɗanka yana aji ɗaya na firamare, da ƙyar zai ga ranar ɗaurin aurensa. Wanda ya san wannan tun farko, mutuwar za ta girgiza shi, amma ba za ta zo masa a bazata ba.

Ta biyu, ka riƙe amanar tun dabbar tana da rai, domin babu abin da yake ƙara wa rashi ɗaci kamar da-na-sani. An sanar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. An kuma sanar da mu labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Tsakanin waɗannan biyun kowane mai kiwo yake, sai ya zaɓi wanda zai bi.

Da yawa daga cikin dabbobinmu sakaci ne yake kashe su tun kwanansu na tsufa bai zo ba. Akuya da tunkiya suna yawo a bola suna cin leda, ledar ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa har ta faɗi. A zuba maganin ɓera a lungu, kyanwa ta ci ɓeran da ya ci gubar, ita ma ta bi shi. Wani don tausayi ya ba kyanwarsa farasitamol, bai san guba ce a gare ta ba, ƙwaya guda tana iya kashe ta. Hunturu ya shigo da ciwon nan mai murɗe wuyan kaji da tantabaru, ya share akurki cikin 'yan kwanaki. Alhali akwai allurar rigakafin cututtuka da dama. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ta faro tun 1924, tana sarrafa irin waɗannan allurai. Idan kare kake da shi, don gadi ko farauta ko kiwo kamar yadda shari'a ta yi izini, kai shi a yi masa allurar haukan kare tun yana wata uku, ka riƙa sabunta ta yadda likitan dabbobi ya tsara maka. Wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 duk shekara a duniya, akasarinsu a Afirka da Asiya, yara kuma suna da yawa a cikinsu. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin allura bai kai kuɗin nadama ba.

Idan kuwa ciwo ya ci ƙarfin magani, likita ya tabbatar maka babu sauran fata, kada son zuciyarka ya sa ka bar dabba tana shan azaba don kawai ba ka iya rabuwa da ita. In wadda ake ci ce, a yanka ta. In ba a cin ta, kamar jakin da ya karye ba zai ƙara tashi ba, malaman Malikiyya sun yi izinin a hutar da shi. Kada ka kora shi bayan gari ka bar wa ungulu da karnuka, bayan shekarun da ya yi yana ɗaukar maka kaya.

Ta uku, abin da za ka yi ranar da ta mutu. Kada ka ja mushen ka jefar a kwata ko kan juji, yara suna wucewa suna kallon abin da suka saba shafawa yana kumbura. Haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya ka binne. Yin haka ya fi tsafta, ya fi kare lafiyar unguwa, ya kuma fi kwantar da zuciyar wanda ya yi rashin. In yaron yana so, bar shi ya tsaya a wurin, ya zuba ƙasa da hannunsa. Ka gaya masa gaskiya. Kada ka ce kyanwar ta yi tafiya ko ta ɓata, domin zai yi ta zaman jiranta a bakin ƙofa, ranar da ya gano kuwa sai ya daina yarda da maganarka. Ce masa ta mutu, kwananta ya ƙare, Allah da ya ba mu aronta ya karɓi abinsa. Koya masa ya ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, domin ana faɗarta a kan kowace musiba, babba ko ƙarama. Idan ya tambaye ka ko laifinsa ne, ka natsu ka amsa masa, don yara sukan ɗora wa kansu laifin da ba nasu ba. Sau da yawa wannan ce haɗuwar yaro ta farko da mutuwa. Yadda ka riƙe hannunsa a yau, haka zai san yadda zai tsaya ranar da babban rashi ya zo, kuma zai zo.

Akwai wani rashin da mu kanmu muke shirya wa yaranmu duk shekara ba tare da mun lura ba, wato ragon layya. A kawo rago tun watanni kafin Sallah, a ɗaure a turke, a ce wa yaro shi ne mai kula da shi. Shi zai dama masa dusa, ya zuba masa harawa, ya kai shi wanka, har ya raɗa masa suna. Rago ya saba, da ya hango shi sai ya fara kuka yana jan igiya. Ranar Sallah a sauko daga idi, a kayar da rago a gaban yaron, manya suna ta murna, shi kuwa ya shige ɗaki ya ƙi cin nama, a bi shi da tsokana. Layya ibada ce babba, babu mai ja da wannan. Amma ka shirya zuciyar yaron tun ranar da aka sayo ragon. Ba shi labarin Annabi Ibrahim da ɗansa, ka fahimtar da shi cewa abin da ake so ake bayarwa don Allah, kuma kulawar da ya yi wa ragon tana da lada. Kada ka tilasta masa kallon yanka, kada ka matsa masa ya ci. Kai kuma ka wasa wuƙarka nesa da idon dabbar, ka gaggauta, kada ka yanka wata a gaban wata, kamar yadda addini ya koyar. Yaron da ya ga mahaifinsa yana yanka da tausayi zai gane cewa ibada da rahama tafiyarsu ɗaya.

Kada kuma ka manta da tsofaffi. Gwaggon da 'ya'yanta suka watse birane, mijinta ya rasu, kyanwar nan ce take kwana a gefen tabarmarta, ita take yi wa magana da dare. Ranar da kyanwar ta mutu, shirun ɗakin yakan dawo mata da duk rashin da ta taɓa yi. Je ka gaishe ta, ka zauna, ka bar ta ta ba ka labarin kyanwar ko sau nawa ne. Idan ka ga makonni sun shuɗe mutum ba ya cin abinci, ba ya barci, ya janye daga jama'a, to abin ya wuce kewa, a kai shi ya ga likita.

Sai dai komai yana da iyaka. Hawaye halal ne, amma kururuwa da fushi da hukuncin Allah ba na mumini ba ne. Ba a yi wa dabba wanka da likkafani da sallah, ba a shimfiɗa mata tabarmar zaman makoki. Kuma abin kunya ne kyanwarka ta ƙoshi da kifi alhali maraya a maƙwabtanka ya kwana da yunwa. Tausayin da ka koya a wurin dabba, mutane ne suka fi cancanta su fara cin moriyarsa. In ka ga yana sa ka ƙara sanyin hali ga iyalinka da maƙwabtanka da masu yi maka aiki, to ya yi amfani.

Game da sake kiwo, kada ka yi gaggawa. Wasu iyaye da yamma ta yi sun sayo wata tantabarar don yaro ya yi shiru, sai ya ɗauka duk abin da ake so ana musanya shi kamar takalmi. Bar zuciya ta huce tukuna. Wani mako biyu ya ishe shi, wani sai ya yi watanni. Idan lokacin ya yi, mai rashin da kansa zai nema. Kada kuma zafin rabuwa ya sa ka rantse ba za ka ƙara kiwo ba, domin a kowane mai rai da ka ciyar ko ka shayar akwai lada, kuma ladan shekarun da ka yi kana yi wa wadda ta tafi hidima yana nan a rubuce, bai mutu tare da ita ba.

Saboda haka, ɗana, tashi yau ka duba abin da ke hannunka. Ka ga ko akwai ruwa a kaskon, ko igiyar ta matse wuya, ko akwai inuwa a turken, ko lokacin allura ya yi. Ka ja kunnen yaran unguwa su daina jifan karnuka da harbin tsuntsaye da danƙo don wasa. In ka ji wani ya yi irin wannan rashi, ka ce masa Allah ya mayar da alheri, kada ka yi masa dariya.

Allah ya sanya rahama a zukatanmu, ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da ya damƙa a hannunmu, ya ba mu haƙuri a kan abin da ya karɓa, ya yi maka albarka kai da zuriyarka. Amin.