Haƙƙin hanya da haƙƙin ido a zamanin salula

A bazarar da ta wuce na taso daga Maraɗi za ni Damagaram cikin babbar motar fasinja. Mun bar Tasawa ke nan muka iske ana gyaran kwalta. An jera gangunan ƙarfe masu fenti fari da ja, an karkata motoci zuwa wani ratse na jar ƙasa, ga wani saurayi tsaye cikin rana da jan ƙyalle a hannu yana tsai da wasu, yana sallamar wasu. Direbanmu ya rage gudu ya bi layi. Wata ƙaramar mota da ke biye da mu ba ta rage ba, don mai ita kansa na sunkuye yana duba salula, abin da shi kansa bai musa ba daga baya. Da ya ɗaga kai sai ya ga ganga a gabansa. Ya taka birki, amma aikin gama ya gama: motar ta kwashi gangar, gangar ta bugi saurayin ta jefa shi cikin tsakuwa. Allah ya yi da sauran kwanansa. Ƙafa ce ta karye, wandonsa kuma ya yage.

Abin da ya biyo baya shi ya hana ni barci a daren nan. Mun sauka mu kusan talatin, kuma kafin wani ya kai hannu ga yaron, hannuwa fiye da goma sun riga sun ɗaga salula suna ɗaukar hotonsa yana birgima yana kiran uwarsa. Wata tsohuwa ce ta ratsa mu, ta cire mayafinta ta rufe masa jiki, ta juyo ta ce: «Ku ji tsoron Allah, ɗan mutane ne.» Sai a lokacin kunya ta kama wasu suka mai da wayoyinsu aljihu.

Cikin minti biyar na'ura guda ta cuci yaron nan sau biyu. Da farko ta ɗauke idon da ya wajaba ya gan shi, daga baya ta tara masa idanun da bai kamata su gan shi a wannan hali ba. Tambayar da nake so mu yi nazari a kanta, mai karatu, ita ce: ina ya wajaba mutum ya sa idonsa, ina kuma ya wajaba ya kau da shi? Tambayar tsohuwa ce, amma salula ta sa amsarta ta rikice mana.

Kada a ɗauka ina cikin masu zagin zamani. Wanda ya san wahalar neman labarin ɗan'uwa da ya tafi cin rani kafin 2001, shekarar da salula ta fara bazuwa a Nijar, ba zai yi fatan komawa baya ba. A da sai a jira wasiƙa ko kaset ɗin da direba zai kawo bayan wata guda. Yau tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana danna waya ta aika muryarta har Abijan ko Aljeriya, ɗanta kuma ya aiko mata kuɗin hatsi a yinin. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasarmu tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, don ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance. Shi ma yaron da na ba da labarinsa, da salula aka kira motar da ta kai shi likita. Alherin na'urar a fili yake. Abin da ba mu tsaya muka auna ba shi ne abin da ta canza a cikin ladabinmu.

Bahaushe ya gina rayuwarsa a kan rufin asiri. In ya yi maka addu'a mafi tsada, cewa yake Allah ya rufa asiri, kuma da wannan kalma guda yana nufin ci da sha, da sutura, da mutunci. Dubi yadda yake gina gida. Zaure na gaba, ƙofarsa ta ciki ba ta kallon ta waje, don kada idon mai wucewa ya zarce tsakar gida. Baƙo ya yi sallama ya jira. In ya yi sau uku ba a amsa ba, ya koma, kamar yadda addini ya koyar. Ko gidan zana ne, akwai iyakar da ido ba ya ƙetarawa. Mara lafiya ana sakaya shi, gawa ana rufe ta, labarin mutuwa kuma ba a jefa wa mutum shi kamar dutse: ana aiko dattijo ya zauna, ya yi gaisuwa, ya kawo zancen haƙuri, sannan ya faɗi. Duk wannan hikima ce ta mutanen da suka gane cewa ɗan Adam yana da lokutan rauni, kuma al'umma ba ta zama lafiya sai in kowa ya yarda ya kau da kai daga raunin ɗan'uwansa.

Salula ba ta da zaure. Tana shiga ɗaki ba sallama, tana fitar da abin da ke ɗaki ba izini. Muryar da mace ta aika wa ƙawarta cikin amana, gobe tana yawo a rukunonin WhatsApp na garuruwa uku. Faɗan miji da mata, kukan mai haihuwa, fuskar ɓarawon da aka kama kafin alƙali ya gan shi, duka sun zama abin kallo a fada ana shan shayi. Iyaye da dama a yau sun fara sanin rasuwar ɗansu ta hoton gawarsa a gefen kwalta, kafin dattijon da aka aiko ya iso ƙofar gida. Magabata sun ce magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Su maganar baki suke nufi, wadda iska ke ɗauka, mutane su manta. Hoto ba ya mantuwa. Yaron nan na Tasawa zai warke, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa, hoton ranar da ya yi kuka da yagaggen wando kuma yana nan a wayar mutanen da bai taɓa sani ba.

Wani zai ce: ai hoton nan shaida ne. Ba don shi ba mai mota zai iya musu, kamfanin da ya ɗauki yaron aiki zai iya yin watsi da shi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban raina ta ba, don sau da yawa hoto ya ƙwato wa talaka haƙƙinsa inda bakinsa bai isa ba. Amma a duba da kyau. Mai neman shaida lambar mota yake ɗauka, da sawun taya, da inda ganga ta faɗi, ya miƙa wa jandarmomi. Mai ɗaukar fuskar wanda ke cikin azaba ya watsa wa duniya, abin da yake nema daban ne: so yake a ce shi ya fara kawo labari. Ma'aunin mai sauƙi ne. Kafin ka danna, tambayi kanka ko wanda ke kwance zai gode maka in ya tashi. In ka san ba zai gode ba, to don kanka ka ɗauka, ba don shi ba.

Mu koma ga ɗaya idon, wanda ya kau daga inda aka ba shi amana. Lissafin ba shi da wuya, kowane malamin lakwal zai iya yin sa a allo. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. In direba ya sunkuya daƙiƙa 4 kawai don ya ga wanda ya aiko saƙo, ya yi tafiyar mita 100 ido rufe, wato kusan tsawon filin ƙwallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu, kuma a rahotonta na 2023 ta ƙiyasta cewa hanya na cin ran mutum kimanin miliyan 1 da dubu 190 a shekara, Afirka ce kuma ke kan gaba in aka auna da yawan jama'a. Inda ake aikin hanya haɗarin ya ninka: kwalta ta ƙuntata, ƙura ta tashi, katafila na ja da baya, kuma tsakanin ma'aikaci da mota babu komai sai ganga da ƙyalle. Garkuwarsa ta gaskiya ita ce idon direba. Ran da idon ya koma kan waya, ba shi da sauran kariya.

Akwai dalilin da ya sa ma'aikacin hanya ya fi kowa sauƙin ɓacewa daga idonmu. Tun asali ba mu saba ganin sa a matsayin mutum mai daraja ba. Kakanninmu da yawa sun fasa dutse sun ɗauki ƙasa a ka a zamanin aikin tilas na Turawan mulkin mallaka, wanda ba a soke shi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Aikin tilas ya wuce, amma kallon da ake yi wa mai diga da shebur bai canza sosai ba. Muna ganin sa kamar wani ɓangare na kayan aiki, ko ma cikas da ke ɓata mana lokaci. Alhali babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi da Damagaram har Difa, wadda albasa da gero da marasa lafiya da ɗalibai ke bi, guminsa ne ke riƙe da ita. Wanda ke gyara maka hanya yana da haƙƙi a kanka fiye da wanda ke kiran ka a waya.

A nan wata tambaya mai wuya ke tasowa. Tun da idon mutum ya kasa, me zai hana a sa idon na'ura? Akwai na'urar auna gudu, akwai kyamara, akwai abin da ake maƙala wa babbar mota ya riƙa faɗa wa mai ita inda take da irin gudun da take yi. Waɗannan suna iya ceton rai, kuma wanda ya ga abin da na gani ba zai ƙi su ba. Sai dai kada tsoron haɗari ya sa mu miƙa duk asirinmu ba tambaya. A ganina iyakar tana nan: gudun da kake yi a kan hanyar jama'a ba asirinka ba ne, don ran wasu na ciki, saboda haka hukuma na da ikon auna shi. Amma gidan da ka kwana, da wanda ka ziyarta, da abin da ka faɗa wa iyalinka, waɗannan naka ne. Na'urar da aka kafa don kare ma'aikaci ta tsaya ga wannan aiki: a sanar da mutane tana nan, a san wanda ke riƙe da abin da ta tara, a goge shi in amfaninsa ya ƙare. Haka shugaban aiki da ke bin sawun lebura ta waya, ikonsa ya ƙare a lokacin da aka tashi daga aiki.

Ƙasarmu ba ta rasa dokoki ba. A 2017 an kafa dokar kare bayanan da suka shafi mutum, aka sabunta ta a 2022, kuma akwai babbar hukumar da aka ɗora wa wannan nauyi, HAPDP. A 2019 an yi dokar yaƙi da laifuffukan intanet. Akwai kuma hukumar kiyaye haɗurran hanya, ANISER. Amma doka ba ta zama a kujerar gaba kusa da direba, ba ta kuma tsayawa cikin taron da ya kewaye wanda ya faɗi. A waɗannan wurare biyu tarbiyya ce kaɗai ke aiki.

Tarbiyyar kuwa muna da ita, ba sai mun aro ba. Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da cewa hanya tana da haƙƙi a kan mai zama bakinta, kuma cikin haƙƙoƙin da hadisi ya lissafa, na farko runtse ido ne, na biyu kame cuta daga mutane. An kuma koya mana cewa kau da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Wanda ya haɗa waɗannan ya sami dukan ladabin salula a kan hanya: ka buɗe ido inda rufe shi zai cuci wani, ka runtse shi inda buɗe shi zai tozarta wani. Mai motar nan ya saɓa wa na farko, mu fasinja muka saɓa wa na biyu, kuma ban tabbata laifinsa ya fi namu nisa ba. Shi kuskure ya yi na daƙiƙa huɗu. Mu da saninmu muka ɗaga hannu.

Saboda haka kirana ga malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu ne, don su ke da yara da matasa a hannu. Yadda muke koya wa yaro ya yi sallama kafin ya shiga gida, haka ya kamata mu koya masa ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, ya kuma tambayi kansa kafin ya tura abin da aka turo masa. A sa lissafin mita 25 a darasin lissafi. Ƴan wasan kwaikwayo su nuna wa jama'a uwar da ta ga gawar ɗanta a waya. Fasinja kuma ya san yana da bakin cewa: «Malam direba, don Allah aje wayar nan sai mun tsaya», ko da sauran za su ce ya cika fitina. Ɗan kabu-kabu da ya soke waya cikin hula yana hira yana ratsa masu aiki, shi ma a gaya masa.

Har yanzu ina tuna tsohuwar nan. Ba ta san sunan ko ɗaya daga dokokin da na ambata ba, wataƙila ma ba ta iya karanta lambar waya. Amma a cikinmu duka ita kaɗai ta san abin da ake yi wa mutum in ya faɗi a gaban jama'a. Da motar likita ta zo, da mayafinta aka ɗauki yaron, ita kuma ta ƙarasa tafiya har Damagaram da ɗan kallabi a ka.