Ko Ya Halatta A Tsare Mai Lafiya Domin Tsoron Annoba?

Jama'a, akwai wata tambaya da ta kamata masu hankali su zauna su yi shawararta tun ana zaune lafiya, gama ran da a ke bukatar amsarta ba a samun sararin zama. Tambayar kuwa ita ce: in annoba ta doso birni, ba ta riga ta yi ɓarna ba tukuna, ko ya halatta ga masu mulkin birnin su rufe makarantu da wuraren ibada da na sana'a, su hana mutum mai lafiya fita neman abincinsa? Wanda a ka tsare bai yi laifin kome ba, watakila ma cutar ba za ta taɓa shi ba. To, da wane haƙƙi a ke ɗaure shi? Bari mu ba ku labarin birane biyu na ƙasar Amurka, sa'an nan mu auna tare.

A shekara ta 1918, Babban Yaƙi na gab da ƙarewa, wata muguwar mura ta game duniya, wadda an ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 50. Ita ce ta sauka Ikko a jirgin ruwa cikin watan Satumba, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano, dattawanmu su ka sa mata suna marisuwa. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, madubin likitocin zamanin bai iya nuna ta ba, sai a 1933 a ka kai ga ware ƙwayar murar mutane. Tana bin numfashi da tari da atishawa, saboda haka inda mutane su ka cunkushe nan ne kasuwarta. Abin da ya ƙara mata muni kuwa, ta fi kā da majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, watau masu ciyad da gidaje.

Birni na fari shi ne Filadelfiya, mai mutum wajen miliyan ɗaya da dubu 700. Cutar ta fara kama sojan ruwa da ke tashar jiragen birnin, ran 17 ga Satumba kuma a ka same ta cikin mutanen gari. A lokacin an riga an shirya wani babban fareti domin a zuga jama'a su ba Gwamnati rancen kuɗin yaƙi. Waɗansu likitoci su ka ce a fasa. Shugaban ma'aikatar lafiya ta birnin, Likita Wilmer Krusen, bai fasa ba. Ran 28 ga Satumba mutum wajen 200,000 su ka yi cincirindo a bakin titi, kafaɗa da kafaɗa, suna kallo suna sowa. Kafin kwana uku ba sauran gado ko ɗaya cikin asibitoci 31 na birnin. Ran 3 ga Oktoba a ka rufe makarantu da majami'u da gidajen wasa, amma aikin gama ya riga ya gama. Ɗakin ajiye gawa da a ka gina domin mutum 36 ya cika da ɗaruruwa, akwatunan binne matattu su ka ƙare, har ɗaliban makarantar limaman Kirista su ka ɗauki shebur suna haƙa kaburbura. Cikin mako shida an rasa mutum wajen 12,000.

Birni na biyu shi ne Sen Luwis, a bakin kogin Misisifi, mai mutum kusan dubu 800. Babban likitansa, Max Starkloff, ya ji abin da ke faruwa a biranen gabas, ya kuwa yi aiki da maganar nan ta mutanenmu, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ran 5 ga Oktoba a ka ga cutar cikin mutanen gari. Ran 7 ga wata Magajin Gari, Henry Kiel, ya ba shi iko, a ka yi umurnin rufe makarantu da gidajen silima da majami'u, a ka hana manyan tarurruka. Ku dubi bambanci: Filadelfiya ta yi kwana 16 tana jira, Sen Luwis kwana 2. A 2007 waɗansu masana su ka koma ga littattafan mutuwa na biranen nan su ka lissafa. Cikin kowane mutum 100,000, Filadelfiya ta rasa wajen 719, Sen Luwis wajen 347. A makon da abin ya fi tsanani kuwa, ta fari ta rasa 257, ta biyu 31.

Mai gaggawa ya ji wannan sai ya ce magana ta ƙare, Starkloff gwani ne, Krusen azzalumi. Mu dai mun ga ya kamata a yi hankali da irin wannan hukunci. Krusen yana cikin matsi: ƙasa tana yaƙi, an yanka wa birninsa kuɗin da zai tara, likitoci da masu jiyya da yawa sun tafi fagen fama, duk wanda ya ta da hankalin jama'a kuwa ana iya ce masa mai karya zuciyar mayaƙa. Sen Luwis kuma ta yi sa'a, cutar ta makara kafin ta iso mata, ta sami damar ganin abin da ya sami waɗansu. Duk da haka uzuri bai kankare nauyi ba. Krusen ya san cutar ta shigo, ya san tana bin taro, an kuma gargaɗe shi. Wanda a ka ba amanar lafiyar birni, in ya sa wata bukata gaba da ita, ko da bukatar mai kyau ce, ya bar aikinsa ya kama na wani.

Yanzu mu komo ga mutumin nan mai lafiya da a ka tsare. Hujjarsa tana da ƙarfi, gama a shari'a ba a horon mutum sai da laifi. Amma tsarewar annoba ba horo ba ce, kariya ce, irin wadda a ke yi sa'ad da gobara ta tashi a unguwa a ka yaye jinkar maƙwabci domin wuta ta rasa abin ci. Maƙwabcin bai ƙona kome ba, amma ɗakinsa hanya ce. Haka jikin kowane ɗayanmu hanya ne ga wannan cuta, tun ba ma da ya ke mutum yana iya ɗauke da ita yana rabawa kafin shi kansa ya ji zazzaɓi. Mutum yana da iko ya jefa ransa cikin hatsari in ya ga dama, amma numfashin da zai fesa wa wanda ke gefensa ba shi da ikon cewa nasa ne shi kaɗai. Saboda haka mun ce tsarewar ta halatta. Sai dai halaccinta yana da sharuɗɗa, in an zubar da su ta koma zalunci.

Sharaɗi na fari, a gaya wa jama'a gaskiya. A Filadelfiya an yi ta kwantar wa mutane da hankali ana cewa abin bai kai yadda a ke zato ba, alhali suna ganin ana fita da gawa daga gidajen maƙwabtansu. Masu mulki kan ce suna gudun firgita talakawa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, in mutane su ka gane an ruɗe su sau ɗaya, ran da a ka faɗa musu abin da zai cece su ma ba za su saurara ba. Wanda a ka nemi ya zauna gida a kan dalili, an ɗauke shi mutum mai hankali. Wanda a ka ɓoye wa dalili kuwa an mai da shi dabbar da a ke korawa garke.

Na biyu, doka ta hau kan kowa daidai. A Sen Luwis babban limamin Katolika, John Glennon, bai so rufe majami'u ba, ya kuwa faɗi haka, amma ya bi. Sa'ad da Starkloff ya rufe yawancin kantuna da wuraren sana'a na 'yan kwanaki a Nuwamba, attajirai su ka yi ca a kansa. Da ya rufe ƙofar talaka ya bar ta mai kuɗi, da dokar ta mutu tun ran da a ka kafa ta, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, wanda ya rufe ƙofa shi ke da alhakin cikin da ke bayanta. Malamin ofis da albashinsa ke tafiya, zaman gida hutu ne gare shi. Ɗan dako da mai talla, waɗanda sai sun fita da safe a ke ɗora tukunya da dare, su ne ke biyan kuɗin lafiyar kowa da yunwarsu. Tun da ya ke birni duka ne ke cin ribar zamansu, birni duka ya kamata ya ɗauki asararsu. Hukumar da ta ce kada a fita, ba ta kuwa kai hatsi ba, ta sa mutum zaɓi tsakanin mutuwa biyu, sa'an nan ta hore shi don ya zaɓi ɗaya. A 2020, da cutar korona ta sa birane su ka rufe, a nan ne da yawa su ka yi tuntuɓe.

Na huɗu, ikon da a ka karɓa domin annoba aro ne, a mayar da shi in ta wuce. Sanin lokacin kuwa da wuya. Sen Luwis ta sassauta a tsakiyar Nuwamba, bayan murnar ƙarewar yaƙi, cutar ta komo, a ka sake rufe makarantu har ƙarshen Disamba. Wanda ya yi saurin buɗewa ya yi asarar rayuka, wanda ya ƙi buɗewa bayan hatsari ya wuce ya ci amanar da a ka ba shi. Abin da ya kamata shi ne a bayyana ma'aunin da a ke dubawa, kowa ya sani, domin jama'a su iya tuhumar shugabanninsu da shi.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ba mu tausayi. Rigakafi ya fi magani, kowa ya sani, amma mai magani a ke gode wa. Wanda a ka yi wa jiyya ya warke ya san likitansa. Wanda cutar ba ta kama ba sam, don an rufe makaranta da wuri, bai san an cece shi ba, abin da ya ke tunawa kawai cinikin da ya rasa. Dubban mutanen Sen Luwis da su ka rayu su ka ga jikoki, ba mai iya nuna ɗayansu ya ce wannan ne da ya mutu. Saboda haka shugaban da ya yi abin da ya dace a kan kari sau da yawa ladansa zagi ne, in kuwa dabararsa ta ci sai a ce da ma ba abin tsoro. Wannan ne ke sa masu mulki jinkiri, suna jiran gawa ta yi yawa yadda ba mai ganin laifinsu.

To, jama'a, ashe mu ma muna da rabo cikin nauyin nan. In mun saba jifan wanda ya yi gargaɗi da wuri, za mu sami shugabanni masu jira. In mun saba neman dalili, mu bi doka in dalilin ya tsaya, mu kuma tsaya kai da fata a ciyad da wanda a ka tsare, za mu sami masu ƙarfin halin rufe ƙofa a kwana na biyu. Babba juji ne, an sani, amma kada mu zuba masa sharar da za ta hana shi tashi ran da a ke bukatarsa. Allah ya kiyashe mu da annoba, ya ba shugabanni basira, amin.