Sabon Ƙarfi a Inda Kake

Karatu: Ishaya 40:25-31

Ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa bangaskiyar da take ci kamar wuta ranar da aka yi maka baftisma ta yi sanyi yau? Ko gajiyar nan alama ce cewa Allah ya rabu da kai? Annabi Ishaya ya fara nuna wa gajiyayyun mutanen Allah taurari kafin ya amsa musu. Mu ma bari mu ɗaga ido.

Taurarin da kake gani da dare na garke ɗaya ne, wanda ranarmu take ciki. Masana suna kiran irin wannan garke galaksi. Garkunan kuma sukan taru gungu gungu. Akwai gungun da ake kira Koma, mai garkuna fiye da 1,000, haskensa kuwa yakan yi shekara wajen miliyan 320 a hanya kafin ya iso mana. Filin da yake tsakanin garkunan cike yake da siririyar iska mai zafin digiri miliyoyi.

A shekara ta 1959 masana a Jodrell Bank ta ƙasar Ingila suka kama igiyar rediyo daga wajen Koma. A 1970 aka nuna cewa daga filin tsakanin take fitowa, a shimfiɗe kamar hazo. Babu magana ko waƙa a cikinta irin ta akwatin rediyonka. Ƙananan ƙwayoyin lantarki ne suke haifar da ita, sa'ad da suke gudu kusan da saurin haske a cikin ƙarfin maganaɗisu.

Ga abin da ya ɗaure wa masana kai. Faɗin hazon nan ya kai tafiyar haske ta shekara miliyoyi, ƙwayoyin kuwa ƙarfinsu yakan ƙare tun ba su ratsa ko ɗan yanki nasa ba. Ashe ƙarfin da suka taso da shi ba zai kai su gefe ba. Dole ana sabunta shi a can inda suke. Ta yaya? Gungu yakan girma ta wurin haɗuwa da wani gungu. In suka yi karo, iskar tsakani takan hautsine, wannan girgiza ce kuma take sāke tura ƙwayoyin da suka raunana. Bayanin da yawancin masana suka karɓa ke nan, gama akasarin irin wannan hazo a gungun da suka yi karo ake samunsa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan misali ne kawai, amma ka yi tunani a kansa. Ƙarfin da ka samu a taron farkawa na bara ba zai kai ka ƙarshen tafiya ba. Gajiya ba zunubi ba ce. Ishaya ya nuna cewa ko matasa majiya ƙarfi sukan gaji. Kuskuren shi ne ka ci gaba da dogara ga guzurin jiya, kana jin kunyar roƙon na yau.

Wataƙila kana ƙauyen da babu majami'a, kai kaɗai da rediyonka. Wataƙila ciwo, ko rashin amfanin gona, ko ƙiyayyar dangi ta girgiza gidanka. Ba mu ce wahala abu mai kyau ba ce, kada kuma ka jawo wa wani ita. Amma sau da yawa a cikin girgiza ne mai bi yakan koma ga addu'ar da ya daɗe da bari, a nan kuwa Ubangiji yakan tarye shi. Wanda ya san kowane tauraro da sunansa bai manta da inda kake zaune ba. Kada ka jira sai ka kai wani wuri. Roƙe shi yau.

Addu'a: Ya Uba, ƙarfina ya ƙare, ban kuwa ɓoye maka ba. Ka sabunta ni a nan inda nake, domin maƙwabtana su ji shaidarka ta wurina. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.