GIWA BA TA BARIN ƊANTA A GEFEN GARKE



Wanda ya taɓa zuwa dajin Yankari a Jihar Bauchi ya san yadda giwaye suke tafiya. Tsohuwar uwa ce take jan garke, domin ita ta san inda ruwa yake in rani ya tsananta, ita kuma take tuna hanyar da aka taɓa gamuwa da masifa. Giwa takan ɗauki ciki wajen wata 22. Idan ta haihu, dukan matan garken suna tayata reno. Da sun ji motsin haɗari, sai manya su yi da'ira, su sa ƙanana a tsakiya. Ɗan giwa ma yakan miƙa hancinsa cikin bakin uwarsa ya ɗanɗana abin da take ci. Ta haka yake koyon abin da zai rayar da shi.

To, mu da aka halitta cikin kamanin Allah, ina muka sa namu ƙananan?

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum: Dareta, Abare, 'Yargalma, har da Bagega. Yara wajen 400 suka rasu. Iyaye sun kawo duwatsun zinariya cikin gida, ana daka, ana niƙa a tsakar gidan da yaro yake rarrafe. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, a kwano, a hannun jariri, hannun kuwa baki yake zuwa. Ba mugunta ce ta sa su ba, talauci ne, kuma ba su sani ba. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega, likitocin MSF suka fara ba yaran magani. Waɗansu sun rayu, amma gubar ta riga ta taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Yau ba mai cewa bai sani ba. Abin tsoron shi ne mantuwa, domin zinariya tana tsada, yunwa kuma ba ta jiran wa'azi. A cikin Bisharar Matiyu sura 18, Ubangijinmu Yesu ya kira ƙaramin yaro ya tsai da shi a tsakiyar almajiransa, ya kuma yi kashedi mai nauyi ga duk wanda zai zama sanadin faɗuwarsa. Bai tambayi ɗan wa ne ba. Ɗan maƙwabcinka Musulmi yana cikin wannan da'ira.

Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku ne tsofaffin garke. Ku riƙa ba matasa labarin 2010. Ku maza masu haƙa, kada dutsen ya shigo gida. Ku yi wanka, ku sauya tufafi kafin ku ɗauki yaro. Turmin da aka daka dutse, kada a daka gero a ciki.

A Misa ta ranar Lahadi za mu yi addu'a domin yaran da suka rasu, da iyayensu mata.