Yaron Da Ya Ɗaga Hannu A Kajuru

Shekarun baya, lokacin da aka tura ni koyarwar gwaji a wata makarantar firamare da ke ƙasar Kajuru, na tafka wata katoɓara wadda har yau in na tuna ta sai kunya ta rufe ni. Akwai wani katafaren gini na dutse a bisa tsauni a wajen garin, mai hasumiya da ganuwa irin ta sarakunan Turai na dauri. Ni kuwa baƙo ne. Wani direba ya gaya mini a mota wai tsohuwar mafaka ce ta zamanin farautar bayi, na ɗauki zancen yadda ya zo, na shiga aji na juye wa yara. Sai wani ɗan aji biyar ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai babana ya ce har da shi aka yi dakon duwatsun ginin." Aji ya kwashe da dariya. Na murtuke fuska na ce ya zauna, ba a musu da malami. Daga baya na gano cewa wani Bajamushe ne ya gina wurin a shekarun 1980, kuma dattawan garin da idonsu suka ga an ɗora tubalinsa.

Kuskuren tarihin da na yi ƙarami ne, alli da tsumma sun isa su gyara shi. Wanda ya fi shi muni shi ne darasin da na koyar ba tare da na rubuta shi a allo ba, wato cewa nauyin magana yana ga matsayin mai faɗinta. Yaron nan yana da shaida, mahaifinsa da ya ɗauki dutse a ka. Ni kuwa abin da nake da shi jita-jitar cikin mota ce, amma da yake bulala tana hannuna, ni na ci nasara.

Abin da masana tarbiyya ke kira tunani mai tantancewa bai wuce abin da yaron ya yi ba. Shi ne mutum ya dakata kafin ya haɗiye magana, ya tambayi kansa wa ya faɗe ta, ta yaya mai faɗin ya sani, kuma in gaskiya ce me ya kamata a gani a ƙasa. Masu iya magana kan ce matambayi ba ya ɓata, mu ma mukan maimaita wannan a gaban ɗalibai, amma da zarar tambayar ta nufo abin da muka faɗa sai mu sauya mata suna, mu kira ta fitsara.

Na san za a ce ai tarbiyyarmu a kan ladabi aka gina ta, kuma ɗalibin da ya raina malami ba ya ganin albarkar karatu. Ban musa ba, ba ni kuma son ranar da yaro zai yi wa malaminsa tsaye a ka. Sai dai ladabi ya shafi yadda ake tambaya ne, da sauke murya da zaɓen lokaci. Addinan da mutanen kudancin Kaduna suke bi ba su haramta bin diddigi ba. Malaman Hadisi sun ƙare rayuwarsu suna bincikar masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, ba su kuma ɗaga wa mutum ƙafa don girman rawaninsa ba. A Littafin Ayyukan Manzanni an yabi mutanen Biriya domin sun riƙa auna wa'azin Bulus da Nassi kafin su amince. Ashe ke nan, rufe bakin ɗalibi ba gadon addini ba ne, ya fi kama da tsoron malami kada a gano iyakar saninsa.

Mai karatu zai iya ɗaukar wannan duka a matsayin ƙaramar rigimar cikin aji, har sai ya tuna da Kafanchan. A ranar 6 ga Maris, 1987, ɗalibai Kiristoci na Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, wadda yanzu take Gidan Waya, suka shirya taron wa'azi, suka gayyato Rabaran Abubakar Bako, wanda a da Musulmi ne. Ya jawo ayoyin Alƙur'ani a cikin jawabinsa, ɗalibai Musulmi suka ce ya yi ɓatanci, aka kaure da faɗa, faɗan ya tsallaka cikin gari aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki labari ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, kuma duk inda ya yada zango sai ya ƙara ƙiba. Har rahotannin rediyo an zarge su da kambama abin. Aka ƙona coci fiye da 100, aka rasa rayuka, wuraren ibada da ke cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello ma ba su tsira ba. Gwamnatin jiha ta kafa kwamitin Hansine Donli, ta tarayya kuma ta kafa kotun musamman ta Mai Shari'a Karibi-Whyte.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin da wutar ta tashi. Ba tashar mota ba ce, makarantar horar da malamai ce, inda ake ƙera waɗanda za a damƙa wa 'ya'yan jama'a. Duk waɗanda suke filin nan a ranar sun iya karatu da rubutu, sun ci jarrabawa, sun haddace ka'idojin koyarwa. An kuma yi ja-in-ja a wurin, amma irin wanda kowa ya zo da amsarsa a aljihu. Tambaya ta gaskiya ita ce wadda mai yinta ya shirya jin amsar da ba ta yi masa daɗi ba, kuma wannan ba ya samuwa dare ɗaya a tsakiyar hayaniya. Wanda bai taɓa ganin an yi saɓanin ra'ayi a aji an tashi lafiya ba, da wuya ya ƙirƙiro hakan ranar da aka taɓa abin da ya fi so.

Ba ina cewa rashin tantance magana ne kaɗai ya haifi waɗannan fitinu ba. Akwai tsohon miki na mulkin masarautu a kan ƙabilun yankin, da rikicin ƙasar noma, da zafin muhawarar shigar Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi a 1986. Rikicin Zangon Kataf na 1992 a kan sauya wa kasuwa matsuguni ya soma. Waɗannan su ne busasshiyar ciyawa, kuma darasin aji ba zai share su ba. Amma ciyawa ba ta kama wuta a Zariya don an kyasta ashana a Kafanchan sai an sami masu dakon garwashi, wato waɗanda suka ji suka ɗauka suka ƙara gaba, kamar yadda na yi da zancen direba. A watan Oktoba na 2018, a Kasuwan Magani cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru, wata hatsaniya a kasuwa ta rikiɗe ta ci rayuka 55 bisa ƙidayar 'yan sanda, kwanaki kaɗan bayan haka jita-jita ta hargitsa birnin Kaduna. Bambancin kawai shi ne a wannan karo garwashin a wayar salula yake tafiya, ya riga kowace mota isa.

To, wa zai koya wa yaro dakatawa? A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su. An yi ta ce-ce-ku-ce a kan adalcin matakin, ba kuma nan ne wurin yanke wannan hukunci ba. Lallai malamin da bai san amsa ba matsala ne. Amma da an ba ni wannan takarda a shekarar da nake Kajuru, da na haye ba ko tuntuɓe, domin babu jarrabawar da ke auna ko malami zai iya tsayawa gaban yara ya ce, "Ban sani ba, mu bincika," ko kuma, "Kai ne da gaskiya." Waɗannan kalmomi sun fi alli nauyi a baki, musamman ga ɗan koyo wanda yake ganin mutuncinsa duka a rataye yake a kan kada a kama shi da kuskure.

A makon ƙarshe na koyarwar gwajin na rubuta gyaran a allo, na ce yara su kwafa, suka kwafa kamar yadda suka kwafi ƙaryar farko, babu wanda ya ce uffan. Ban ambaci sunan yaron ba, girman kai ya hana ni. Yana zaune a benci na uku kusa da taga, ya rubuta tare da sauran, kuma tun daga ranar da na zaunar da shi har na bar makarantar bai sake ɗaga hannu ba.