Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Ya mai karatu, ga tambaya, ka kai ta dandali ku tattauna: mutumin da duniya ke yabo, amma matarsa na kuka cikin gida, mutumin kirki ne?

A ƙasar Rasha an yi wani babban marubuci, sunansa Tolostoyi. A 1862 ya auri Sofiya, tana da shekara 18, shi yana da 34. Ta haifa mashi ɗiya 13, biyar suka rasu tun suna ƙanana.

Rubutun hannunsa ba kowa ke iya karanta shi ba. Da dare, in yara sun kwanta, sai Sofiya ta kunna fitila ta kwafe abin da ya rubuta. Gari ya waye ya soke, ya gyara, ta sake kwafewa. Haka ta yi ta kwafar babban littafinsa, Yaƙi da Zaman Lafiya, sau da yawa. Ita ke lissafin gona, ita ke kula da buga littattafan. Amma sunan mutum guda ke bisa bango.

Da ya manyanta, sai ya ga tara dukiya zunubi ne. A 1891 ya yi shela cewa kowa na iya buga sabbin littattafansa kyauta. Jama'a suka yaba. Sofiya ta ce, to ɗiyan fa, mi za su gada? Almajiransa suka ce kwaɗayi gare ta.

A 1910, yana da shekara 82, ya sulale daga gida cikin dare. Ciwo ya kada shi a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa, Astafobo. Sofiya ta biyo shi, aka hana ta shiga wurinsa sai da ya fita hayyacinsa. Bayan aure na shekara 48 ke nan!

Kada mu yi son kai. Tolostoyi ya ji tausayin talakawa da gaske, har ya ciyar da su lokacin yunwa. Sofiya ma tana da laifinta: kishi, da binciken takardunsa a ɓoye. Amma ni ga abin da na gani. Kyautar da ka yi da gumin mutum biyu, sai da yardar mutum biyu. Amana kuma ba kayan da mace ke ɗauka ita kaɗai ba ce. Wanda ke neman biyayya, ana bin shi bashin adalci.

Da mi muka san ɓangarenta? Ta iya rubutu, ta bar littafin da take zuba damuwarta a ciki kafin ta rasu a 1919.

To, ɗan'uwa, ran da aka yabi cikar rumbunka, tsaya ka ƙidaya hannuwan da suka cika shi. Ka faɗi sunansu gaban jama'a.